Bitar CRT, Kotun Intanet ta Lardin Birtish Kolombiya: Inda Ta Sauƙaƙa Neman Haƙƙi da Inda Ta Tsaya

Lardin Birtish Kolombiya da ke yammacin Kanada ya ɗan ɗara Nijeriya faɗin ƙasa, amma jama'arsa ba su kai miliyan 6 ba, kuma sama da rabinsu sun taru ne a birnin Vancouver da kewayensa. Sauran suna warwatse a tsibirai da kwaruruka da ƙananan garuruwan arewa, inda zuwa kotu mafi kusa kan ci wa mutum awoyi a mota ko a jirgin ruwa. Wanda yake bin wani bashin dala ɗari takwas a irin waɗannan wurare, idan ya lissafa kuɗin mai da na masauki da ranar aikin da zai rasa, yakan ga cewa haƙuri da bashin ya fi masa arha a kan neman sa. Domin irin wannan mutum ne majalisar dokokin lardin ta yi doka a 2012 ta kafa Civil Resolution Tribunal, wadda aka fi sani da CRT, kotu ce ta ƙananan rigingimun jama'a da kusan dukkan aikinta yake gudana ta intanet. Na gina wannan bita a kan amfani da ɓangarorin shafinta da ke buɗe ga kowa, da karanta dokar da ta kafa ta, da bin hukunce-hukuncen da take wallafawa.

CRT ta fara aiki a watan Yuli na 2016, ƙarƙashin shugabarta ta wancan lokaci, lauya Shannon Salter, kuma da farko ba ta sauraron komai sai rigingimun gidajen haɗaka, wato benayen da mutane da yawa suke mallakar sassa a cikinsu, suna da majalisar masu gida da dokokin zama tare. A watan Yuni na 2017 aka ƙara mata ƙananan ƙararrakin kuɗi da ba su wuce dalar Kanada 5,000 ba, abin da ya haura haka har zuwa 35,000 kuwa ya ci gaba da zuwa Kotun Lardi. A 2019 aka ba ta wasu ƙararrakin haɗarin mota da rigingimun ƙungiyoyi da na ƙungiyoyin gama-kai, sannan a watan Janairu na 2024 aka ɗora mata sauraron ƙorafin waɗanda aka yaɗa hotunan tsiraicinsu ba da izininsu ba. Ba ta taɓa ƙarar ɓata suna, haka nan yawancin rigimar mai gida da ɗan haya tana da ofishinta daban.

Ƙofar shiga ita ce wata manhaja da suke kira Solution Explorer, kuma a ganina ita ce mafi kyawun abin da suka gina. Kyauta ce, ba a tambayar suna, ba a buƙatar buɗe asusu. Tana yi wa mutum tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: saye da sayarwa ne, ko rance, ko aikin gini da gyara, ko rigima da maƙwabci? Kai ne mai saye ko mai sayarwa? An yi yarjejeniya a rubuce? Kowace amsa tana buɗe tambayar da ta dace da ita, har a kai ga taƙaitaccen bayani kan abin da doka ta ce game da irin wannan matsala, tare da samfurin wasiƙar da mutum zai cike ya aika wa abokin rigimarsa kafin a je ga maganar ƙara. An rubuta bayanan da Ingilishi mai sauƙi wanda ɗan aji shida na firamare zai iya karantawa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga duk wanda ya san yadda takardun kotu suke cike da kalmomin da lauyoyi kaɗai ke ganewa. Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar ba ta tura mutum zuwa shigar da ƙara. Sau da yawa takan nuna masa cewa matsalarsa ba ta cikin hurumin CRT, ta faɗa masa inda ya kamata ya nufa, ko ta tunatar da shi cewa a mafi yawan ƙararraki doka ta ba shi shekara biyu ne kawai daga lokacin da ya gano an cuce shi. Mutum da yawa suna ɓata kuɗi da watanni a kotu kafin a gaya musu abin da wannan manhaja take faɗa a zama ɗaya.

Wanda ya ga babu makawa sai ya shigar da ƙara, yana cike takardar a shafin, ya biya kuɗin shigarwa. A ƙananan ƙararraki, wanda ya shigar ta intanet yana biyan dala 75 idan abin da yake nema bai wuce 3,000 ba, ko 125 idan ya haura, wanda ya zaɓi takarda kuwa ana ƙara masa 25. Wanda samunsa bai kai ba yana iya neman a yafe masa kuɗin gaba ɗaya. A yawancin lokuta CRT da kanta take aika wa wanda ake ƙara sammaci ta gidan waya, kuma mazaunin lardin yana da kwana 14 ya ba da amsa, amsar kuwa kyauta ce idan ta intanet ya bayar. Idan ya yi shiru, mai ƙara yana iya neman a yanke hukunci a bayan idonsa.

Daga nan sai matakin da ake barin ɓangarorin biyu su yi magana da junansu a wani keɓantaccen sashe na shafin, kowa ya gabatar da tayinsa. Idan suka daidaita a nan, ana mayar wa mai ƙara kuɗin shigarwarsa, wanda hanya ce mai hikima ta sa mutane su ɗauki sulhu da muhimmanci. Idan abin ya faskara, sai a haɗa su da jami'in sulhu na kotun, wanda yake magana da su ta waya ko ta imel ko ta shafin, tare ko kowa shi kaɗai, yana fayyace musu ainihin abin da suke jayayya a kai da irin hujjar da kowane zai buƙata. Abin da aka faɗa a wannan mataki sirri ne, ba a kai shi gaban mai yanke hukunci, saboda haka mutum yana iya sassautawa ba tare da tsoron za a riƙe maganarsa a matsayin amsa laifi ba. Yarjejeniyar da aka cim ma kuma ana iya mayar da ita umarnin kotu mai ƙarfin doka. Dokar da ta kafa CRT ta umarce ta ƙarara da ta yi la'akari da dangantakar da ke tsakanin masu rigima wadda za ta ci gaba bayan an gama shari'a, kuma na ga hikimar wannan sosai a rigingimun gidajen haɗaka, inda mai ƙara da wanda ake ƙara za su ci gaba da haɗuwa a matakala ɗaya kowace safiya, kan ruwan da ya yoyo daga sama ko hayaniyar dare ko wurin ajiye mota. Tsarin ya yi kama da yadda dattawan kasuwa suke fara zaunar da masu rigima su ji ta bakin kowa kafin a ambaci alƙali, sai dai a nan an rubuta shi cikin doka, an ware masa ma'aikata da albashi.

Sai sulhu ya ci tura ne ake biyan ƙarin dala 50 a miƙa ƙarar ga mamban kotun da zai yanke hukunci. A nan ne fasahar zamani ta fi canza yadda shari'a take, domin a mafi yawan ƙararraki babu ranar zama kwata-kwata. Ana ba kowane ɓangare wa'adi ya ɗora hujjojinsa, rasit da hotuna da saƙonnin waya da rahoton masani, sannan mai ƙara ya rubuta bayaninsa, wanda ake ƙara ya mayar da martani, mai ƙara ya yi raddi na ƙarshe. Ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare tana iya yin wannan bayan ta tashi daga barci, direban babbar mota yana iya yi daga wayarsa a inda ya yada zango, mai ɗawainiya da ƙananan yara ba sai ta nemi wanda zai riƙe mata su ba. Duk wanda ya taɓa sammako zuwa kotu, ya zauna a benci har azahar, sannan rijistara ya sanar da cewa an ɗage shari'a saboda lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba, zai fahimci girman abin da aka ɗauke wa mutane. Ɗage zama shi ne makamin da mai ƙarfi ya fi gajiyar da mai rauni da shi, kuma idan babu zaman da za a ɗage, makamin ya rage kaifi ƙwarai. Mamban kotun yana da ikon ya kira zama ta waya ko ta bidiyo idan ya ga buƙata, kuma doka ta ba shi damar karɓar hujjar da kotu ta yau da kullum za ta iya ƙi saboda tsauraran ƙa'idojin shaida.

Misalin da ya fi fito da amfanin tsarin shi ne ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Air Canada, wadda aka yanke hukuncinta a watan Fabrairu na 2024. A watan Nuwamba na 2022 kakarsa ta rasu, ya shiga shafin kamfanin domin sayen tikiti daga Vancouver zuwa Toronto, sai manhajar hira mai amsa tambayoyi a shafin ta gaya masa cewa yana iya sayen tikiti a cikakken farashi, daga baya ya nemi rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza cikin kwana 90. Ya adana hoton wannan amsa. Da ya nemi rangwamen, kamfanin ya ce ƙa'idarsa ba ta yarda a nema bayan an yi tafiya ba, ya yi masa tayin takardar rangwame ta dala 200, shi kuma ya ƙi. A gaban CRT kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa ba shi da alhakin abin da manhajar ta faɗa, amma mamban kotun ya ƙi wannan hujja, ya ce manhajar ɓangare ce ta shafin kamfanin, kuma babu dalilin da zai sa mai saye ya san cewa wani sashe na shafin gaskiya yake faɗa, wani kuma kuskure. An umarci kamfanin ya biya jimillar dala 812.02, wato diyya 650.88, da kuɗin ruwa 36.14, da kuɗin kotu 125. Babu lauyan da zai karɓi ƙarar dala ɗari shida da hamsin, kuma babu mai hankalin da zai ɗauki lauya dominta. Da babu hanya mai arha irin wannan, da fasinjan ya haƙura, da kuma ba a sami hukuncin da lauyoyi a ƙasashe da dama suke ambata yanzu duk lokacin da ake muhawara kan alhakin kamfanoni game da abin da manhajojinsu suka faɗa wa jama'a ba.

Duk da wannan yabo, akwai wuraren da tsarin yake da nauyi a kan mai rauni, kuma na farkonsu yana cikin abin da na yaba ɗin. Shari'ar da ake yi a rubuce tana fifita wanda ya iya rubutu. Baƙon da ya zo Kanada da girmansa, wanda zai iya tsayawa gaban alƙali ya ba da labarinsa daki-daki har a gane gaskiyarsa daga muryarsa da yadda yake amsa tambaya, yana iya kasa tsara wannan labari a sakin layi uku na Ingilishi. CRT tana ba da tafinta ta waya kyauta a harsuna masu yawa, tana karɓar takarda daga wanda ba shi da intanet, ofisoshin gwamnati na Service BC da ke garuruwan lardin suna taimaka wa masu buƙata, kuma an yarda wani ɗan'uwa ko aboki ya taya mutum rubutu. Waɗannan duka suna rage matsalar, amma hujjoji da bayanai da Ingilishi ake gabatar da su, kuma wanda ya karanta hukunce-hukuncen zai ga yadda ake yawan korar ƙara saboda mai ita bai kawo hujja a kan wani abu da wataƙila bai san ana buƙatarsa ba, musamman rahoton masani a ƙarar da ake zargin makaniki ko magini da aikin ha'inci. Idan rigima ta zama maganar wannan da maganar wancan, kamar rancen da aka bayar tsakanin abokai ba tare da rubutu ba, ina ganin bai kamata a dogara da takardu kaɗai ba, kuma ya dace kotun ta riƙa kiran zaman bidiyo a irin waɗannan fiye da yadda take yi.

Na biyu shi ne batun lauyoyi. Ƙa'idar ita ce kowa ya tsaya wa kansa, sai an nemi izini kafin lauya ya wakilci mutum, in ban da wasu ƙararraki kamar na haɗarin mota ko na yara ƙanana, kuma wanda ya yi nasara ba a cika mayar masa da kuɗin lauya ba. Manufar tana da kyau, domin a hana mai kuɗi danne talaka da lauyoyi. Sai dai kamfani ba mutum ba ne, dole ya turo ma'aikacinsa, kuma ma'aikacin babban kamfani ko na inshora wanda aikinsa ke nan kullum ya san abin da mamban kotun yake nema, alhali mutumin da ke gabansa wannan ne karonsa na farko. Daidaiton da dokar take nema a kan takarda ba ya cika a irin wannan haɗuwa. Lauyoyin lardin ma ba su yi shiru ba a kan faɗaɗa hurumin CRT: ƙungiyar lauyoyin da ke kare waɗanda suka ji rauni ta ƙalubalanci ba ta ƙararrakin haɗarin mota, Babbar Kotun lardin ta ba su gaskiya a 2021 bisa cewa an taɓa hurumin da tsarin mulki ya keɓe wa manyan kotuna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta lardin ta soke wannan hukunci a 2022, Kotun Ƙolin Kanada kuma ta ƙi sauraron ƙarar. Ra'ayina shi ne tsarin da ya dace da bashin dala dubu biyu ba lallai ne ya dace da mutumin da ciwon wuya zai bi shi shekaru ba, kuma damuwar lauyoyin, ko da akwai maganar abincinsu a ciki, ba ta rasa tushe ba.

Na uku, ƙofar gyara kuskure ta ƙuntata. Kafin watan Yuli na 2022, wanda bai gamsu da hukunci a ƙaramar ƙara ba yana iya ƙin amincewa da shi, a sake shari'ar daga farko a Kotun Lardi. An soke wannan, saboda yana ba wanda ya sha kaye damar jan lokaci, yanzu kuwa abin da ya rage shi ne a nemi Babbar Kotun lardin ta duba hukuncin cikin kwana 60. Wannan dubawa ba sake sauraron shaidu ba ce, tana da wuyar bi ba tare da lauya ba, kuma kuɗinta kan iya wuce abin da ake rigima a kai. Haka nan, hukunce-hukuncen ƙarshe ana wallafa su a intanet da sunayen masu shari'a, sai a wasu lokuta na musamman da ake sakaya su. Wallafawar tana kare gaskiya, domin kowa yana iya ganin yadda aka yi hukunci da dalilansa, kuma ita ce ta maye gurbin zauren kotu da jama'a ke shiga su saurara. Amma ya kamata mai shirin shigar da ƙara ya san cewa rigimarsa da tsohon abokinsa ko tsohuwar matarsa za ta iya fitowa ga duk wanda ya bincika sunansa shekaru bayan an manta da ita.

Mai karatu a Nijeriya zai ga wasu sassan wannan labari a gida. A watan Afrilu na 2020, lokacin kullen korona, Babbar Kotun Jihar Borno ƙarƙashin Babban Joji Kashim Zannah ta yi zama ta bidiyo, a watan Yuli na wannan shekara Kotun Ƙoli ta bayyana cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba, gyaran da aka yi wa Dokar Shaida a 2023 ya buɗe hanyar sa hannu da rantsuwa ta na'ura, Legas a 2018 da Kano a 2019 kuma sun kafa kotunan ƙananan basussuka masu wa'adin kwana 60. Bambancin shi ne yawancin waɗannan gyare-gyare sun ɗauki shari'a yadda take ne suka ɗora ta a kan allo ko suka gajarta mata lokaci, CRT kuwa ta sake jera matakan tun daga tushe, ta sa fahimtar matsala a gaba, sulhu a tsakiya, hukunci a ƙarshe. Ɓangaren da na ga ya fi sauƙin ara shi ne na farkon, wato manhaja mai yi wa mutum tambayoyi da Hausa, da murya ga wanda bai iya karatu ba, ta gaya masa ko ƙararsa ta kotun majistare ce ko ta kotun shari'a, da hujjar da zai tanada kafin ya biya ko sisi. Shari'a a rubuce kuwa ba za ta yi mana daidai ba a yanzu, ganin yawan cinikin da ake ƙullawa da baki a gaban shaidu.

Ga wanda yake zaune a lardin, har da 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke can, ina ba da shawarar amfani da CRT ba tare da jinkiri ba idan rigimar ta kuɗi ce bayyananna kuma akwai rasit ko saƙonni ko yarjejeniya a rubuce, kamar kuɗin aikin da ba a biya ba, kayan da aka saya suka zo a lalace, ko kafin alƙalamin da aka ba ɗan kwangila ya ɓace. Wanda hujjarsa baki ce kawai, ko Ingilishinsa na rubutu bai yi ƙarfi ba, ya nemi mai taya shi tun daga ranar farko, kuma ya roƙi a yi masa zama ta waya ko ta bidiyo, ya faɗi dalilinsa. Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya auna kafin ya biya kuɗin shigarwa: CRT tana yanke hukunci, amma ba ta karɓo wa kowa kuɗinsa. Idan wanda aka yanke wa hukunci ya ƙi biya, sai mai nasara ya ɗauki tabbataccen kwafin umarnin ya shigar da shi a Kotun Lardi, daga nan ya bi hanyoyin da aka saba, na kiran mai bashi ya bayyana abin da ya mallaka, ko tare wani kaso na albashinsa, ko tura ma'aikatan kotu su kama kayansa, kowanne da kuɗinsa da takardunsa da jiransa. Saboda haka kafin a fara, a bincika ko wanda za a kai ƙara yana da aiki ko asusu ko kadara a cikin lardin, kuma a tabbatar an rubuta cikakken sunansa ko sunan kamfaninsa kamar yadda yake a rajista, domin umarnin da ya fito da suna ba daidai ba yana da wuyar aiwatarwa.